Mushe Laminu Ya Tafi Ɗebo Yumɓu

Ina tsaye a layin famfo da safiyar nan, bokiti a hannu, aka kira ni a waya aka ce Mushe Laminu ya rasu.

Na ce wane Laminun? Alhali na sani sarai, duk malamin boko Mushe muke ce masa, amma mutum ɗaya ne a Tasawa ake ce wa Mushe a tsaya nan, kowa ya gane. Bakina ne kawai ya nemi hanyar gudu.

Shi ne dai. Malamina da ya koya mini riƙe alli, wanda daga baya muka koyar a lakwal ɗaya, wato makarantar boko, har ya yi ritaya. Makiyaya ne suka tsince shi jiya da yamma a cikin busasshen tabki, arewa da Tchake. Motonsa, ɗan babur ɗin nan nasa, na jingine a gindin aduwa, shi kuma yana kishingiɗe a bakin wani rami da ya haƙa. An kawo shi da sassafe, an kai shi makwancinsa kafin azahar.

Na Allah ne, ya koma wurin Mai shi. Na faɗa da bakina kuma na yarda.

Amma ba zan ɓoye muku ba, bayan baƙin ciki akwai tsoro. Saniyar yayana tana cikin ɗakin Mushe, an kulle ɗakin an tafi da makulli, ga shi gabas ta fara haɗa hadari.

Wanda bai san shi ba zai ce wace irin saniya ce ake kullewa a ɗaki. Ta yumɓu ce, irin wadda yara ke ginawa, ba ta cika tafin hannu ba. Ku yi haƙuri da ni in yi bayani, yau kaina ba a daidai yake ba.

Tun da Mushe ya ajiye alli ya kama tara kayan wasan yara na da. Motar kara mai ƙafar sakaina. Motar waya mai dogon sitiyari. 'Yar tsana ta ƙashin ƙafar rago, da kitson zare da tsakiya a wuya. Ƙananan tukwane na tuwon ƙasa. Sai shanun yumɓu, waɗanda suka fi komai yawa a ɗakin. Yakan hau motonsa ya bi ƙauyuka, daga Kona har cikin ƙasar Mayahi, yana tambayar tsofaffi ko akwai abin da ya rage a ƙasan adaka ko a saƙon rumbu.

Mutane sun yi masa dariya har sun gaji. Ni ma na yi tawa. Nakan ce masa, Mushe, wasu in sun yi ritaya gona suke kamawa ko tasbaha, kai ka koma aji ɗaya. Sai ya ce ai aji ɗaya ne bai taɓa gamawa ba.

Akwai masu cewa gumaka yake tarawa. Har limamin unguwarsu ya taɓa zuwa ya gani da idonsa. Da na leƙa da la'asar na tarar da liman zaune a tabarma, ya naɗe hannun riga, yana tura motar waya gaba da baya yana cewa tasa ta yarinta ta fi wannan kwana. Daga ranar maganar gumaka ta yi sanyi.

Yawancin kayan ba nasa ba ne. Mutane ke kawo masa su a karye, ya gyara, wasu su karɓi abinsu, wasu su ce ya ajiye musu don a wurinsa sun fi tsira daga gara da jikoki.

Kuma yana da ka'ida mai ban haushi. Ba ya gyara abu sai da irin abin da yaron ya yi shi da shi. Ba ya taɓa gam na kanti, sai ƙaro. In da ƙaya aka haɗa motar kara, da ƙaya zai mayar. In saniyar yumɓu ce, sai ya san tabkin da aka ɗebo yumɓunta, ya je can ya ɗebo. Ba ya kuma gasa su a wuta, wai wuta na ƙanƙance sawun yatsa, wani lokaci ma ta fasa abin gaba ɗaya. Don haka duk shanunsa ɗanye ne, rana kawai ta busar da su. Ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya mayar da su laka.

Ɗakin da yake aiki na ƙasa ne, tsohon soro. Kowace shekara da an ga hadarin farko sai gidan ya rikice, shi da maiɗakinsa Iya Hajara su yi ta jigilar shanu a faifai zuwa ɗakinta mai rufin kwano. Maƙwabta su ce shanun Mushe sun tashi mashekari.

Bana babu mai tashinsu.

Yanzu bari in gaya muku yadda tamu ta shiga ɗakin.

Mu mutanen ruga ne, daga arewacin Tchake. Ina ƙarama aka yi farin nan na zamanin soja na farko, wanda manyanmu har yau ba sa son kiran sunansa. Mahaifinmu ya riga ya rasu, daga Inna sai yayana Buba sai ni. Shanunmu suka yi ta faɗuwa har ya rage Saye, wata fara mai ƙaho ɗaya a sunkuye. Ita ma ta kwanta a bakin tabki ba ta tashi ba.

Ranar da ta mutu Inna ta yi kukan da ba ta yi wa sauran ba. Buba ya shiga tsakiyar tabkin, ya yi ta haƙa har ya kai ga danshi, ya ɗebo yumɓu ya gina Saye. Bai gina ta yadda ta mutu ba. Ya yi mata tozo cikakke da ƙaho a sunkuye, har da tsagar kunnen gidanmu. Wurin da ya danna ya tayar da tozon, babban yatsansa ya bar gurbi. A yatsan nan yana da tabon wuƙa, kuma tabon ya fito a yumɓun, wani ɗan layi a karkace.

Muka gangara kudu da ƙafa kamar kowa, muka yada zango a bayan wani babban gari. Wata safiya Buba ya tafi cikin gari neman dussa. Bai jima da tafiya ba sai ga kamiyo-kamiyo na soja, manyan motocin kaya, aka ce kowa ya hau, za a mayar da mutane ƙasashensu. Inna ta ce ɗanta bai dawo ba. Wani mai kaki ya ce mata mota ba ta jira, akwai wata a baya da za ta kwaso saura.

Har yau ina jin ƙarar da ƙyauren bayan motar ya yi da aka buga shi.

Babu wata mota a baya. Ko akwai, ba ta kawo Buba ba.

A Tasawa aka sauke mu, Inna kuma ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ta ce nan ne bakin babbar hanya, duk ta inda Buba zai ɓullo sai ya bi ta nan. Ta yi shekaru tana sayar da fura a bakin gudron, hanyar kwaltar nan, idonta na kan kowace mota. Saye kuma tana cikin ƙwaryarta, a naɗe da tsumma.

A shekarar da ta biyo bayan saukarmu aka sa ni lakwal, ajin Mushe Laminu. Lokacin saurayi ne, siriri, wandonsa kullum da farin alli a gwiwa. Ajinmu na kusa da hanya. Duk sa'ad da kamiyo ta wuce sai in tsinci kaina a ƙarƙashin tebur, na toshe kunne. Yara su yi ta dariya. A zamanin nan, wani malamin da bulala zai fito da ni.

Shi kuwa Mushe bai taɓa ni ba. Bai ma tambaye ni dalili ba, ashe ya je ya tambayi Inna a wurin furarta.

Bayan 'yan kwanaki ya tsayar da ni da aka tashi. Ya fito da kamiyo ta gwangwanin man agaji, da ƙafafun tsohon silifa da dogon sitiyarin waya, har da ƙyauren baya mai buɗewa. Na ja da baya. Ya durƙusa ya miƙo mini sitiyarin ya ce:

"Wagga taki ce. Ke ce direba. Ba ta tashi sai kin ce kowa ya shiga."

Na yi wata da watanni ina loda mata tsakuwa uku, Inna da ni da Buba, in zagaya bayan aji da su. Ban san ranar da na daina shiga ƙarƙashin tebur ba. Shi kuwa daga ranar bai sake kirana Dije ba, sai Direba. Ina da furfura yanzu, ina da jika, amma ko a gaban iyayen yara Direba yake ce mini.

Shi ya saya mini takalmin farko da na sa. Shi ya je ya yi ta lallashin Inna ta bar ni in wuce kwaleji. Ranar da na fara koyarwa, ya tsaya bayan taga yana saurare, da na fito ya ce na iya, sai dai ina da faɗa kamar mai bin kaza.

Inna ta makance shekarun baya. Tun daga nan ta ɗauki wata ɗabi'a da duk unguwarmu ta sani. Duk baƙon namiji da ya yi sallama gidanmu, mai gyaran waya ne ko mai tallan gawayi, in dai muryarsa ta manyanta, sai ta ce, ɗana, ba ni hannunka. Ta shafa babban yatsansa na dama. Sannan ta sa hannu cikin ƙwarya ta shafa gurbin da ke tozon Saye. Sai ta sa masa albarka ta sallame shi.

Ta san ba za ta gane fuskar Buba ba, ba za ta gane muryarsa ba. Tabon nan kaɗai ya rage mata, kuma tana tsoron kada yatsanta ya manta shi. Shi ya sa take komawa ga yumɓun kullum, safe da yamma.

Cikin bazarar nan akuya ta shiga ɗaki neman abin ci, ta ture ƙwaryar. Saye ta rabe biyu, tsagar ta bi ta gefen gurbin, saura ƙiris. Inna ta ƙi cin abinci. Da kanta ta ce in kai ta wurin Mushe. Na riƙe mata sanda muka je, ta ɗora masa gutsuren biyu a hannu, ta riƙe hannun nasa ta daɗe ba ta saki ba. Tun da Buba ya gina ta, ba ta taɓa kwana a wani gida ba.

Mushe ya ce mata, "Inna, kahin ruwan shuka tana hannunki, in Allah ya so."

Tun ranar, kullum in na dawo daga lakwal tambayarta ɗaya ce, ko Mushe ya aiko.

Ganinmu na ƙarshe da shi ranar kasuwar da ta wuce ne. Na je da niyyar yi masa tsiya, don na gaji da tambayar Inna. Na same shi a ɗakin, zaune inda ya saba, ƙarƙashin wata ɓula da ke rufin soron. Ya daɗe da sanin ɓular, ya ƙi toshe ta, wai nan hasken rana ke sauko masa daidai kan aiki tun da idonsa ya yi rauni. Fitilata yake ce mata. Bana ma ko yaɓen soron bai yi ba, ya ce ba zai kwaɓa ƙasa da ruwan da mata ke kwana layi a kansa ba.

Na ce, Mushe, ka liƙa ta da kowace laka mana, Inna ai ba gani take ba.

Ya dube ni ta saman tabarau kamar na kasa lissafin aji biyu. Ya ce baƙon yumɓu in yana bushewa ja yake yi, zai iya tsage gurbin gaba ɗaya. Sai na tabkin da Buba ya haƙa. Ya ce ya so zuwa tun tuni, abin da ya same shi a hanya ne ya sa ya ɗan ja jiki.

Ashe a zuwansa na baya wajen Mayahi an tsayar da shi a wani shinge. Aka buɗe jakarsa aka ga tsohuwar motar gwangwani mai launin kayan soja da 'yan tsana a bayanta. Aka zaunar da shi a gefen hanya ana tambayarsa wa ya aiko shi, me yake nufi da ita. Ba su taɓa shi ba, har ruwa ɗayansu ya ba shi kafin su sake shi. Yana ba ni labarin yana dariya. Ya ce abin ya tuna masa da zamanin da ba ka isa ka ce yunwa a cikin aji ba, sai dai ka ce shekara ta yi wuya, kuma ka waiga kafin ka faɗa.

Ni ma na waiga, alhali daga ni sai shi a ɗakin.

Sai ya ce in tashi in ga wani abu. Shanunsa a jere suke bisa katakai, kowane zamani da layinsa. Na shekarun ƙoshi manya ne, tozo kamar tulu. Da aka zo layin shekarar da muka hau kamiyo sai suka ƙanƙance. Wasu a kwance aka gina su. An bi cikinsu da ƙaya an zana haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Na sha ganinsu, ban taɓa son tsayawa a wurin ba.

Ya miƙa hannu can ƙarshen katako ya ɗauko wata ya sa mini a tafi. A kwance take, da haƙarƙarinta a zane. Na ce wannan ma ta waccan shekarar ce?

Ya ce, "Shinshina."

Ƙamshin sabuwar ƙasa take yi.

"A Kona na samo ta, satin da ya wuce. Yara sunka gina ta bakin rijiya. Ba wanda ya koya musu, Direba. Abin da suke gani ne."

Na ajiye ta da sauri kamar ta ƙone ni. Kun dai san yadda ake ciki. An yi yayyafi sau ɗaya, mutane suka yi shuka, rana ta ƙone ta. Shanun da ake kawowa kasuwa sai an tallafe su suke sauka daga mota. Kaki ya dawo kan hanyoyi, kowa ya koma magana ƙasa-ƙasa. Na daɗe ina gaya wa kaina kama ce kawai, ba waccan shekarar ba ce ta dawo. Da na riƙe saniyar nan sai ranar da aka buga ƙyauren mota ta dawo mini.

Na ce masa kada ya je Tchake cikin wannan rana, ga hawan jini, ga shekaru. Na ce ya bari in nemi wani ya ɗebo masa. Ya ce wani ba zai san inda zai haƙa ba, Inna ta kwatanta masa wurin, tsakanin aduwa da tsohuwar mashaya. Ya raka ni har zaure, yana tsokanata wai direban da ba ta barin fasinja ita ce yau ke cewa a bar Saye a tasha.

Kalmarsa ta ƙarshe gare ni ita ce in gaida tsohuwa, in ce mata ta kusa.

Yau da na isa gidan na tarar an riga an sa wa ɗakin kwaɗo. Ƙanensa Alhaji Idi ne ya rufe, ya wuce Kona da makullin bayan jana'iza, don can ne asalinsu, can yayarsu tsohuwa take karɓar gaisuwa. Na kira shi a waya. Ban ga laifinsa ba, mutumin kirki ne. Ya ce lokacin rasuwar mahaifinsu an taɓa kaya kafin rabon gado, zumunci ya kusa tsinkewa, shi ya rantse ba za a sake ba. Na ce masa kayan ɗakin nan amanar mutane ce, ba gado ba ne. Ya ce ya sani, shi ya sa ma yake so a buɗe a gaban kowa ranar sadakar uku, mai abu ya nuna abinsa.

Na ce, Alhaji, hadari fa.

Ya ce, "Ɗiyata, wata nawa muna ganin hadari shina watsewa? Allah dai ya sa na yau ya zuba."

Me zan ce? In ce kada Allah ya sa?

Iya Hajara ta shiga takaba, ba ta da bakin cewa a fasa ƙofar mijinta ranar da aka binne shi. Ƙofar ma ta ƙarfe ce, Mushe ne ya saka ta saboda awaki. Na zagaya ta baya na leƙa ta 'yar taga. Ga Saye can a kan faifai, gutsure biyu, ya jera su gab da juna yana jiran yumɓu. Hasken ɓular nan ya sauka a kanta daidai.

Na samo gora na zura, ko zan jawo faifan gefe. Da na taɓa bakinsa sai gutsuren mai tozo ya yi rawa ya kusa gangarowa. Na janye gorar, na zauna a ƙasa.

Maƙwabta, Allah ya saka musu, sun kawo tamfol. Ba mai iya hawa soron, gara ta cinye azara, sai da igiya aka ja shi daga gefe zuwa gefe aka ɗaure da duwatsu. Amma duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san iskar da ke zuwa gaban ruwan farko. Kwanon da aka buga da ƙusa ma ɗaga shi take yi.

Zan fito Iya Hajara ta kira ni cikin ɗaki. Ta jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin gado ta ba ni. Ta ce makiyayan sun same ta a ƙirjinsa, ya rungume ta, an ɗaure bakinta tam. Na buɗe. Yumɓu ne, curi ɗaya, har yanzu da danshinsa, da sawun yatsunsa a jiki.

Ya samu abin da ya je nema.

Na taho gida ina shirya ƙaryar da zan yi wa Inna. Na ce zan ce Mushe ya yi tafiya. Na same ta zaune a tabarma a inuwar ɗaki, ƙwaryar nan a gefenta, babu komai ciki sai tsumma. Ko zama ban yi ba ta ɗaga kai ta ce me na riƙo mai ƙamshin gida.

Na sa mata ledar a cinya. Ta gutsuri kaɗan ta murza, ta kai hanci, ta ɗora a harshe. Ta ce na tabkinmu ne. Sannan ta tambaye ni har ina ya haƙa kafin ya samu danshi.

Na ce makiyayan sun ce ramin ya kai ƙugu.

Ta ƙara murza yumɓun. Can ta ce Buba ma sai da ya kai ƙugu.

Daga nan ƙaryar ta gagare ni. Na gaya mata duka, rasuwar da kwaɗon da ɓular da tamfol. Ta yi masa addu'a mai tsawo, rabi da Hausa rabi da Fulatanci, hawaye na bin fuskarta. Ni kuwa idona na kan gabas, ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ledoji a tsakar gida. Tsoro ya rufe ni har na faɗi abin da ban taɓa zaton zai fito daga bakin 'yar makiyaya ba. Na ce, Inna, bakinki yana da albarka, ki roƙi Allah ya riƙe ruwan nan, ko zuwa jibi ne, har a buɗe ɗakin.

Ta lalubo wuyan hannuna ta damƙe. Ban san tsohuwar nan na da sauran ƙarfi haka ba.

"Kul, Dije. Kada in ƙara ji. Ke da kinka hau motar nan da ƙahwarki? In ruwa na son Saye, shi ɗauka. Ni dai kada wata ta ce ɗana bai komo ba, a ce mata mota ba ta jira."

Ta sake ni. Ta juya fuskarta wajen iskar, ta ɗaga hannu ɗaya tana roƙon ruwa da ƙarfi, yadda maƙwabta ma za su ji. Ɗayan hannun yana cikin ƙwarya. Ina kallon babban yatsanta yana ta shafa tsumman, yana neman gurbin da ba ya nan.

Ina rubuta wannan a bakin ƙofa, la'asar ta yi sanyi, an fara walƙiya wajen Kona. Na jiƙa tsumma na naɗe yumɓun Mushe don kada ya bushe, ban san ko wa zai yi aiki da shi ba, ban san ko za a sami abin da za a liƙa ba.

Duk wanda ya san ya ba Mushe ajiyar wani abu, na uwarsa ko na ɗansa ko nasa na yarinta, ya zo ranar sadakar uku. Mu tsaya tare a buɗe ƙofar, mu ga abin da Allah ya bar mana.

Ya Allah, ga bawanka Laminu ya zo maka da ƙasa a farcensa, a kan hanyar cika alkawarin da ya yi wa makauniya. Ka yafe masa kurakuransa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi fiye da yadda ya sanyaya zuciyar yarinyar da ke ɓuya a ƙarƙashin tebur. Ka ba Iya Hajara da 'ya'yansa da mu ɗalibansa haƙurin rashinsa. Buba kuma, in yana raye ka nuna masa hanyar Tasawa, in ya riga mu ka haɗa shi da Mushe a inuwa ɗaya.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba, ko da kalma ɗaya ce.

Sannan ku taya Inna roƙonta. Allah ya ba mu ruwa, yau ɗin nan, mai yawa, wanda zai cika tabkin Tchake har ya rufe ramin da Mushe ya haƙa. Ni bakina rawa yake yi, ku ku ce amin da ƙarfi.